Bikon Malamin Lissafi

Da sunan Allah mai rahama nake ɗaukar alƙalami, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu. Bayan haka, tun da na dawo daga ƙasar Ibo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani ya ja benci ya ce, "Malam Shu'aibu, wai yaya can ɗin yake?" Wasu sun ji an ɗaure mu a hanya, wasu sun ji an naɗa ni sarauta da jar hula. Ba a yi ko ɗaya ba. Saboda haka na zauna na rubuta abin da ya faru da Ajami, yadda hannuna ya saba, sannan na juya shi zuwa boko don masu gaggawa. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Sai na fara da abin da ya kai mu. A unguwarmu, can gefen Suleja ta hanyar Maje inda gonaki suka koma gidajen haya, akwai makarantar al'umma da nake koyar da Larabci da addini. Malamin lissafinmu shi ne Mista Chukwudi, wanda kowa ke kira Cukudi. A Suleja aka haife shi, a Suleja aka binne mahaifinsa, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da ke aiki a Abuja. Gidansa yana kallon nawa.

Wata Lahadi da hantsi, yana coci da iyalinsa, muna zaune a majalisa sai ga Sani Fenti ya wuce da bokiti da buroshi. Muka hango shi ya tsaya a ƙofar Cukudi yana shafe-shafe, muka ɗauka aiki aka ba shi. Har na ɗaga murya na ce, "Sannu da aiki, Sani!" Ya ce, "Yauwa, Malam." Ashe ƙaton jan ekis, harafin nan na boko, yake zanawa, a ƙarƙashinsa ya rubuta KU TAFI GARINKU, ya ƙara da kalmar nan da ake zagin Ibo da ita, wadda ba zan ɓata tawada a kanta ba. Da muka watse ya zagaya baya ya fasa tagar ɗakin yara da dutse.

'Yar Cukudi, Ngozi, mai shekara tara, ita ta riga kowa isa ƙofar da suka taso daga coci, ita ta karanta wa uwarta. Washegari kafin mu fito daga masallaci sun kulle gida sun tafi.

Gano mai laifin bai ba kowa wahala ba, domin bokitin Sani yana yoyo. Jan fenti ya bi shi ɗigo-ɗigo tun daga ƙofar Cukudi har ƙofar ɗakinsa. Mai unguwa da liman da fasto suka tafi tare suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Da aka tambayi Sani dalili, ya ce wata murya ya ji a waya tana cewa an kashe 'yan uwanmu a Kudu. A wane gari? Bai sani ba. Muryar wa? Bai sani ba. Aka ba da belinsa, aka ce maganar tana nan rataye sai masu gida sun dawo sun faɗi abin da suke so.

A makaranta kuwa shugaba ya tara yara a rana ya yi musu lacca da dogon Turanci a kan zaman lafiya, har biyu suka yanke jiki suka faɗi. Amma laccar ba ta hana 'yan Kudu da ke haya a unguwar fara ɗaure kaya ba. Ajin Ngozi ya fara yin giɓi, ga jarrabawar fita tana matsowa ba malamin lissafi. Kowa ya zuba ido a kan abu ɗaya: in Cukudi ya dawo za su zauna, in bai dawo ba za su bi shi.

Matata Hajiya Asabe ce ta kawo dabarar da ta kusa sa a sayar da mu a kilo. Ta tsaya a zaure ta dubi ƙofar Cukudi, ta dubi tamu, ta ce, "Malam, in wannan alamar ta baƙi ce, a sa mana mu ma. Ba daga Zariya kakanninku suka zo ba? Wa ya tsiro a nan in ba Gbagyi ba?" Magana ta zaga gidaje ta bakin mata, ta isa kunnen mai unguwa, ya ce kowace ƙofa a sa mata. To mai fenti ɗaya ne a unguwar. Haka Sani ya yini yana zana jan ekis, ya fara da ƙofarsa, ya bi gida-gida, har masallaci da coci da get ɗin makaranta. Mu da muka yi allo ba mu da wannan harafi. Liman ya daɗe yana kallon na masallaci, ya karkata kai, ya ce ai lam'alif ce ta zame, lam'alif kuwa "la" ce, wato a'a. Muka karɓa a haka.

Abin da muka manta shi ne, a nan bakin Abuja jan ekis a bango ma'anarsa ɗaya ce: katafila na tafe. Washegari kafin azahar masu gidajen haya sun cika layi da motoci suna zufa suna neman wanda za su gani. 'Yan gwangwan suka iso da kura suna taya kwanon rufi. Wani ya taya ƙofata ina jingine da ita.

Duk wannan kuwa Cukudi ba ya ɗaga waya. Mai unguwa ya ce, "Wanda ya yi yaji ba a kiransa a waya. Biko ake zuwa." Aka zaɓe ni saboda furfura da maƙwabtaka. Aka haɗa ni da mataimakin shugaban makaranta, Mista Danjuma, Bagbagyi ne daga Garam, Kirista, mai Turanci da tsokana. Na uku Sani, da sharaɗin ya ɗauki bokitin nan da sauran fentin ya miƙa wa masu gida da hannunsa. Aka haɗa mana farin goro da kilishi, aka yi mana addu'a.

Muka shiga doguwar mota a Zuba. Kafin ta tashi wani mutum mai kwat ya miƙe ya yi addu'a mai tsawo. Inda Danjuma ya ce min tsarin hanya yake roƙo na ce amin, sauran na yi shiru na ja carbina. Yana shafawa ya buɗe jaka ya fara tallan maganin basir. A wurinmu mai wa'azi daban mai magani daban, amma na lura ya fi namu samun masu saurare.

A nan abin mamaki ya fara. Kwandasta ya taɓa kafaɗata ya ce, "Baba, biko," yana nuna min in matsa. Na dube shi. Wa ya gaya masa biko za ni? Na ce, "Haka ne, ɗana, a taya mu da addu'a." Ba a jima ba wata mata ta ce min, "Biko, Baba," ta ɗora min kaza a cinya tana gyara goyo. Na juya ga Danjuma na ce, "Kai, ka ji mutanen nan duk sun san abin da ke tafe da mu?"

Ya ciro hankici ya toshe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Alaramma, ai labarin babban mutum riga shi yake yi."

Na ji nauyi ya ƙaru a kaina. Daga nan duk wanda ya ce min biko sai in dafa ƙirji in ce, "In sha Allahu ba za mu dawo ba sai da shi."

A Lokoja aka tsaya cin abinci. Na yi ƙasaru a gefen wani shago, na ci kifin da ban taɓa ganin mai faɗinsa ba. Da na dawo na tarar Sani ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya ce a hankali, "Malam, daga nan gaba Sunny za ku riƙa kira na."

Danjuma ya ce, "Sunny wa? Da wannan tsagar a kumatu?"

"Oga Danjuma, ba wasa nake ba. In suka gane ni Bahaushe ne fa?"

"Me za su yi maka? Me ka yi musu?"

Sani ya juya ya kalli taga.

Kogin Kwara muka ƙetare sau biyu a yini ɗaya, har na tambaya ko direba ya ɓata ne. Da muka isa iyakar Kogi da Enugu muka tarar da shinge. Ba fasfo ake nema ba, amma an tsare mu tsaron da ko Makka za mu sai haka. Wani ma'aikaci ya zagaya bayan mota, sai muka ji ya daka tsawa, ya ce kowa ya sauko. Daga ƙarƙashin but ɗin kaya wani jan abu yake ɗiga a kwalta, har ya yi ɗan tafki.

Aka fito da kaya. Buhun goronmu ya jiƙe jawur, kusa da shi ga ƙunshin nama. Ma'aikacin ya tambaya da Turancin kasuwa wa ke da wannan kaya. Motar nan gaba ɗaya ta juyo ta dubi rawanina. Ya dangwali jan abin ya sunsuna, ya ga fenti ne, amma bai sake mu ba. Ya ce me dattijo zai yi da rabin bokitin fenti mai yoyo tun daga Suleja, an daina sayarwa ne a Enugu?

Danjuma ya raɗa min, "Bari in ce kyauta za mu kai." Na ce ban taso daga gida da alwala don in yi ƙarya a bakin shinge ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi komai, na sa shi ya fassara, duk inda na ga ya gajarta sai in nuna Sani da yatsa in maimaita. Fasinjan nan kusan duk Ibo ne.  Sani ya tsaya a tsakiya.

Sai wata ƙatuwar 'yar kasuwa ta ratso mutane ta tsaya a gabansa. Ta ɗaga mafici ta sauke masa a ka, ta yi masa faɗa da Ibo, ta koma Turanci, ta ƙare da Hausar Sabon Gari: "Kai ba kunya! Yaro ƙarami ta karanta wannan?" Ta ƙara masa mafici. Da ta ga yana neman faɗuwa sai ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙulli mai kama da alale, na gurjiya ne, okpa suke ce masa, ta tura masa a hannu. "Ci. Kar ka mutu kafin ka kai." Ni kuma ta juyo gare ni ta haɗa hannayenta biyu ta ce, "Baba, biko." Na dafa ƙirji na yi mata alkawari.

Ma'aikacin ya yanke hukunci cewa bokitin ba zai koma but ba, mai shi ya rungume shi. Haka Sani ya ƙarasa tafiyar da bokiti a cinya, farar shaddarsa tana shan ja tun daga ciki har gwiwa.

Muka sauka a zangon Hausawa na wani gari mai babbar kasuwa, a gidan Alhaji Buba mai fataucin shanu, wanda ya shekara talatin a can, matarsa ma 'yar garin ce. Ta kawo mana tuwon rogo da suke kira akpu da miyar shuwaka. Warinsa ya riga shi shigowa ɗaki. Na sa a baki na fara tauna, Alhaji ya ce, "Malam, ba a tauna shi, sallama ake masa ya wuce." Na haɗiye da bisimilla. Miyar kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban ci irinta a gida ba, kuma na roƙi kada a gaya wa Hajiya Asabe.

Muna fitowa alwala Sani ya ƙame. A bangon zangon ga jan ekis ƙato. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, sun sa mana. Mu gudu." Alhaji Buba ya leƙo ya ce titi za a faɗaɗa, shekara uku ke nan ana jiran katafilar. Danjuma ya matsa kusa da bangon ya duba da kyau ya ce, "Wannan ba hannun gwani ba ne, ko Sunny? Naka ya fi tsabta." Sani bai ƙara cin komai ba ranar.

Na tambayi Alhaji yadda suke yi in irin wannan jita-jitar ta taso a kansu, domin tana tasowa. Ya ce da an ji ƙishin-ƙishin, matan kasuwar garin sai su ɗauko kujerunsu su zauna a gaban rumfunan Hausawa suna ɓarar agushi. Ba sa cewa komai. Duk saurayin da ya zo da sanda sai ya tarar da uwarsa ko gwaggonsa a bakin ƙofa tana tambayarsa ko ya ci abinci. A makarantar 'ya'yansa kuma, yaron da ya zagi wani da ƙabila ba a dukansa, sai a tura shi gidan wanda ya zaga ya ci abincin rana na mako guda. Na ce wannan hikima ce. Alhaji ya ce da farko ta kusa lalacewa, domin yara sun gano gidan da aka fi iya dafa-duka, ɗan gidan ya sha zagi har ya rame. Sai da aka ƙara cewa mai zagi shi zai wanke tukwane. Na ɗaure wannan a bakin rawani, domin ya fi laccar rana.

Da safe muka hau babura zuwa ƙauyen su Cukudi. Gidajensu a cikin itatuwa suke, ba katanga ba zaure, kuma kabarin kaka yana tsakar gida ana shanya a gefensa. Muka yi ta tambayar gidan Chukwudi, ashe kowane gida da nasa. Sai da Danjuma ya ce malamin makaranta daga Suleja, wani tsoho ya ce, "Ah, Onye Awusa!" Wato Bahaushe. Can ma sunansa ke nan.

Cukudi ya fito ya gaishe mu gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Ya rame. Bai dubi Sani ba. Aka shimfiɗa kujeru a gindin mangwaro, baffansa ya fito da jar hula, ba ya jin Hausa ko kaɗan. A can ba a fara magana sai an fasa goro, kuma goro a wurinsu ba abin taunawa ba ne kawai, baƙo ne mai daraja, ana zagayawa da shi a faranti kowa ya taɓa. Na yi murna na fito da namu, wanda ganye ya tsare shi daga fenti. Baffa ya ɓare ɗaya, ya ga ɓari biyu ne, ya girgiza kai. Cukudi ya fassara: nasu hannunruwa ne mai ɓari huɗu, mai ɓari biyu bebe ne, ba a yi masa addu'a. Kuma goro ba ya jin Turanci, Ibo kaɗai yake ji.

Na ce a gaya wa baffa, da girmamawa, goron nan namu ya halarci ɗaurin aure da suna ba adadi, Hausa yake ji da ɗan Larabci, in ya yi shiru a nan baƙunta ce. Baffa ya yi tunani ya ce to kowane goro a yi masa da harshensa. Ya yi tasa addu'ar, na yi Fatiha a kan nawa, aka ci.

Sannan na miƙe, na gyara riga, na faɗi abin da mai unguwa ya aiko ni in faɗa. Na ce, "Jama'a, mun zo biko."

Baffa ya gyaɗa kai da ƙarfi ya yi wata doguwar magana. Cukudi kuwa ya sunkuyar da kai, sai na ga bayansa yana motsi. Ya ɗago da hawaye a ido, dariya ta ci ƙarfinsa. "Malam, ni matarka ce? Yaji na yi?"

"To me baffa ya ce?"

"Ya ce dattijon da ya ƙetaro Kwara, kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce biko, ya san mutunci. Malam, biko a bakinmu 'don Allah' ne. Roƙo ne kawai."

Na tuna kwandasta, na tuna mai kaza, na tuna duk mutanen da na dafa wa ƙirji tun daga Zuba. Na nemi Danjuma da ido, na same shi yana ƙirga ganyen mangwaro.

Cukudi ya share ido ya ce, "Shekara ashirin ina cewa yara su nemo ekis a lissafi, sai ga shi an kawo min har ƙofa. Amma Malam, ina za mu koma? An turo min hoto, duk layin rusau za a yi." Sai da muka yi rantsuwa, ni da Alƙur'ani a zuci Danjuma da nasa littafin, kafin ya yarda cewa mu muka sa wa kanmu, kuma don shi. Na gaya masa fatawar liman a kan lam'alif. 

Ana haka wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda. Mama Cukudi ce, mahaifiyarsa, wadda ta tsufa tana suyar ƙosai a bakin tsohuwar kasuwar Suleja kafin ta koma gida. Ta ƙare wa Sani kallo. "Wannan mai jan ciki fa? Ba ɗan Lami ba ne? Kai! Ni nake ba ka gutsuren ƙosai kana tsaye ba wando. Kai ne ka ce jikata ta tafi garinsu?" Sani ya ajiye bokitin ya durƙusa a ƙasa.

Ba a kai ga amsa ba Maman Ngozi, matar Cukudi, ta yi magana daga bakin ƙofa, yarinyar tana maƙale a bayan zanenta. Ta ce, "A bar dariya haka. Malam, tun ranar yarinyar nan ba ta sake faɗin kalma ɗaya da Hausa ba, ko ruwa ba ta cewa. Ibo kuma ba ta iya sosai ba. To shiru take yini. Ina tambaya, da rana tsaka aka yi abin nan, ba wanda ya gan shi?"

Na ce, "Mun gan shi. Har na yi masa sannu da aiki."

"To gobe in wani ya zo da fetur maimakon fenti, sannu da aiki za ku yi masa?"

Duk abin da na karanta a kan haƙƙin maƙwabci na ajiye shi gefe, domin ba karatu ta tambaya ba. Na ce bencin majalisa zai tashi daga inda yake ya koma ƙofar gidanta, duk mai wucewa da bokiti sai ya buɗe mun gani. Na ce matan unguwa za su koyi zaman masu agushi. Na ce ƙarar tana nan a hannunta, ba wanda zai roƙe ta ta janye, har ni.

Sani ya ja gwiwa ya matso, ya tura bokitin gabanta. Ya ce, "Maman Ngozi, biko. Na Hausa da na Ibo, duka biyun." Ta kau da kai.

Mama Cukudi ta buga sanda. "To tunda biko kuka zo, ni na zauna da Hausawa, na san ba a zuwa hannu rabbana. Ina kayan biko? Ba zane nake so ba, na tsufa da shi. Ga bangona nan, tun da aka gina bai ga fenti ba."

Baffa ya sa aka haƙa rami aka binne jan fentin da bokitinsa. Aka sayo shuɗi. Sani ya kwana biyu a kan tsani, ya shafe gidan ciki da waje, Mama tana zaune a ƙasa tana nuna masa inda ya tsallake da inda bai tsallake ba. Ni kuwa na ci okpa har na saba, ina salla a gindin mangwaro baffa yana kore min awaki da sandarsa. Ranar da aka gama Maman Ngozi ta zagaya gidan ta duba, ta ce wa mijinta, "Zan je in gani da idona. Amma ba zan kwance kaya ba sai na gani."

Dawowarmu da Cukudi da iyalinsa ba abin da ya faru sai kaza da aka sake ɗora min, wannan karon na san abin da ake nufi. Muka iso unguwa bayan la'asar a keke mai ƙafa uku guda biyu, kaya ɗaure da igiya. Na riga na yi wa Hajiya Asabe waya, sai muka tarar da mata jere a ƙofar Cukudi a kan kujeru. Ba su samu agushi ba, gyaɗa suke ɓara. Benci ya koma inda na ce, an sa sabon gilashi a taga. 'Yan Kudun da suka ɗaure kaya suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo.

Ngozi ta sauko. Ta dubi ƙofarsu, an goge rubutun an bar ekis ɗin. Ta dubi tawa. Ta taka a hankali ta bi layi tana duba ta mai unguwa, ta masallaci, ta Sani, har ƙarshen layi, ba wanda ya yi motsi. Ta dawo ta tsaya a gabana, ta ɗaga kai.

"Malam, ku ma an ce ku tafi garinku?"

Na ce, "An ce, Ngozi."

"To yaushe za ku tafi?"

"Mun duba, ba mu ga inda za mu ba. Nan ɗin dai ne."

Ta yi ɗan tunani, sannan ta juya ga uwarta ta ce, "Mama, yunwa nake ji. A sayo masa da miyar taushe."

Maman Ngozi ta sa gefen zane ta goge fuska. Ta dubi ƙullin kayan da ke kan keke, ta dubi Sani da ke raɓe a bayan Danjuma da shaddarsa rabi ja rabi shuɗi.

Ta ce, "Kai, Sani. Zo ka kwance min igiyar nan."

A nan alƙalami ya tsaya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu.